Na sauke mata kwalbar, ta zo ta tarar da ƙusa

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci wallahi. Shekara biyu a jere wannan 'yar tsuntsuwar tana zuwa bayan gidana a Baton Rouge, jihar Luwiziyana ta Amurka, da zarar Nuwamba ta kama. Hamimbad ce, irin da ake kira rufos, nauyinta bai wuce giram 3 da ɗan wani abu ba, tana kama da ƙananan tsuntsayen nan namu na gida masu shan ruwan fure, sai dai ita tsayawa take cak a iska. Wata mata mai lasisi ta saka mata zobe a ƙafa a zuwan farko, da ta sake kama ta a na biyu lambar ɗaya ce, to nan na tabbatar ita ce dai ba wata ba.

A shekara ta uku ne na yi ɓarnar. Zan yi fentin baranda sai na sauke kwalbar ruwan sukarin da nake rataye mata na ajiye a gareji, nace ai gobe zan mayar, goben nan ta kai kusan sati uku saboda aikin dare ya sha min kai. Wata safiya ina shan shayi sai ga ta, kai tsaye wajen ƙusar da kwalbar take ratayewa ta nufa, ta tsaya tana kallon wurin, ta zaga ta dawo ta sake tsayawa. Kafin in dafa ruwa in bar shi ya huce ta tafi, ban ƙara ganinta ba duk lokacin sanyin nan har Maris.

Ku duba fa tafiyar da take yi. Irinsu can arewa maso yamma suke ƙyanƙyasa har Alaska, a 2010 an saka wa wata zobe a Tallahassee ta Fulorida aka sake kama ta a Alaska, wajen mil 3,500. Ta sha duk wannan hanya ta tuna ƙusata, ni kuma na kasa tuna gareji.

Bana ranar 9 ga Nuwamba wata ta sauka, ban yarda ba sai da aka karanta zoben. Ita ce! Alhamdulillahi, saura kaɗan in yi hawaye.

Yanzu kwalba biyu gare ni, ba a sauke ɗaya sai ɗayar tana sama cike. Sukari fari kofi 1 ruwa kofi 4, ban da zuma ban da jan kala, in da zafi bayan kwana 2 ko 3 na wanke na canza. Masu cewa a sauke da kaka don kada tsuntsayen su ƙi tafiya, ba kwalba ke hana su ƙaura ba. Ko gida zan je hutu sai na ba maƙwabciyata mabuɗi tukuna, fentin baranda kuwa sai an shiga Afrilu.