Sunan da Iya ta ƙi faɗa

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare, ko rigar ankon ban cire ba na zauna rubutu, don in na bari sai gobe rabin abin zai zube.

Yau kwana uku da Babbar Sallah, ranar taron zumuncin gidanmu ke nan a Kazaure, kamar kowace shekara. Mun bar Kano bayan asuba, mu goma sha huɗu a bas ɗin da Yaya ya ɗauko shata, da kula biyu ta soyayyen naman layya da ɗaya ta waina. Kafin Dawanau yara sun fara faɗa a kan taga. Kafin Dambatta an buɗe kular wainar, wai a ɗanɗana gishiri. Abin da ya isa Kazaure ba ya nunuwa a gaban mutane.

Gaskiya bana ba da son raina na je ba. Ga kuɗin anko, ga karo-karon asusu, ga tambayar nan ta "yaushe za mu sha biki?" da ke jirana tun daga zaure. Sai dai babu halin noƙewa, tunda bara aka naɗa ni magatakarda, ba don na fi kowa iya rubutu ba, sai don ranar ni kaɗai aka samu da biro a aljihu.

Da hantsi aka raba izu sittin, aka yi sauka, aka yi wa mamata addu'a. Baffa ya karanto waɗanda muka rasa tun taron bara, mutum huɗu. Da ya zo kan ta ƙarshe muryarsa ta sarƙe, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga ya fi minti guda, ba wanda ya ce uffan. Daga nan aka koma haihuwa da aure, tsakar gida ta ɗauki guɗa. Bayanin ma'aji kuwa yadda aka saba: wanda bai biya ba shi ya fi kowa tambaya. Na rubuta "an tattauna" na ja layi.

Ina fitowa taubasaina mata suka tare ni a soro na biyu. 'Yar Gwaggo ta fizge mini hula ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta ce tuzuru ba ya sa zanna bukar a gaban manya, sai na fanshe ta. Dubu biyu ta ci, kuma ta tuna mini watan cika-ciki ya kusa, in tanadi kuɗin shara. Bawa da ubangijinsa, in ji ta. Shekara nawa muna wannan gardamar ta waye bawan wani, har yau ban ci ba ko sau ɗaya.

Aikin da ya kai ni ɗakin Iya shi ne wanda taron bara ya ɗora mini, wato in rubuta salsalar gidan tun daga tushe. Iya ƙanwar kakanmu ce, ita kaɗai ta rage a sahunsu, ta haura tamanin da yawa. Na same ta a kan buzu, ta jingina da tsohon gadon ƙarfenta, tana goga goro a magogi don haƙoran sun yi sallama.

"Ga mijin nawa da ba ya cefane," ta ce. "Me ka kawo mini?"

"Littafi na kawo, Iya."

"Littafi ake ci a gidanku?"

Na ajiye mata ledar goro da turare, sannan ta yarda na kunna wayata na ajiye kusa da bakinta.

Ta faro daga kakanta, bafatake, wanda ya yi ta bin ayari zuwa Gwanja. Jakuna ne da kanwa da baƙaƙen rini, a tafi Salaga, a dawo da huhun goro, tafiyar da in aka fita da kaka sai wata shekarar a ga mutum. Ta ce madugunsu ba ya kwana sai ya ƙirga jakai da kansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano goro ya koma biyo Ikko, sai fataucin ƙafa ya mutu, ƙanen mahaifinta ya zarce Kumasi ya zauna a zango, ya yi aure ya hayayyafa. A 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, wasu daga cikin 'ya'yansa suka dawo a bayan babbar mota. Shekarar ni na sani daga karatu, ita abin da ta riƙe daban ne: akwatin ƙarfe guda, da turmi, da yarinya mai zazzaɓi da ba ta jin komai sai Asantanci. Ta ce ita ta goya ta kwana tara. Yarinyar nan ita ce Hajiyar da na bari a tsakar gida tana yi wa masu rabon tuwo faɗa.

Na ce, "To Iya, shi kakan naki ya sunansa?"

"Malam na Gwanja."

"Sunansa na yanka nake nufi."

Ta dube ni kamar na taka sallaya da takalmi. Na ce to mahaifinta fa? Ta ce Malam Ƙarami. Mijinta? Ta ja mayafi ta rufe baki. Ɗanta na fari, wanda yanzu haka yake zaune a rumfa da furfurarsa da jikoki goma sha? "Wancan yaron." Shafi biyu na cika, babu sunan yanka ko ɗaya. Malam, Malam Ƙarami, Mai Rasuwa, Mai Babban Ɗaki, Wancan Yaron.

Na so in ji haushi, don ni a wajena alkunyar nan ta tashi daga ladabi ta zama asara: ranar da Iya ta kwanta dama, sunayen sun bi ta. Na faɗa mata haka cikin wasa. Ta tauna goronta ta gama, sannan ta ce, "Kai dai karatun naka bai yi maka rana ba. Abba nawa ne a gidan nan?"

Na ƙirga a zuci. Bakwai.

"To je ka tambayi Abban Zariya abin da aka rubuta masa a takardar makaranta. Na Gwanja ke nan. Baffa ƙarami da Halifa, Malam Ƙarami ne. Ummi duk da ka gani, in ban da ta gidan Kawunka, uwata ce."

Na fita da littafi ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙidaya. Abban Zariya na gan shi da cinyar rago a hannu, ya faɗa mini sunansa yana mamakin abin da ya kawo tambayar. Shekararsa arba'in da biyu, bai taɓa sanin sunan mai jakunan Gwanja yake ɗauke da shi ba, shi a zatonsa wani kakan ne na wajen uwa. Ya ajiye naman ya ce in sake faɗa masa tun daga Salaga. Kafin la'asar na cike gurbi tara.

Bayan tuwon shinkafa da miyar taushe aka kira 'yan Kumasi ta WhatsApp, aka kai wa Iya wayar. Wani jikan ƙanen mahaifin nata ya leƙo ya ce, "Kai, Iya ya tsufa!" Yara suka fashe da dariya, don Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji. Iya ta ce a faɗa masa shi ma ta yi ƙiba.

Hoton gayya bai yiwu ba. Ana cikin jera mutane, dogaye a baya, tsofaffi a kujera, hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗaga rumfa guda ta kifa a kan kulolin zoɓo. Kowa ya kwashi ɗansa. Abin da mai hoto ya samu shi ne bayan Baffa yana bin hularsa.

Gurbi ɗaya ya rage, na matar Malam na Gwanja. Ba a yi mata takwara ba, ko an yi ta rasu tana ƙarama. Da na je sallama na sake gwadawa. Iya ta ce sunan wata bishiya ne da ke bayan gidan, in na dawo da amarya za ta nuna mini ita. Na zagaya bayan gidan a cikin yayyafi kafin mu hau mota. Akwai kuka, akwai tsamiya biyu, akwai ɗorawa, da wani kurna da akuya ta gama da ƙasansa.