Yaron da yake ci amma ba ya ƙiba

Ɗana na biyu ya kai wata 18 yana cin abinci fiye da yayansa, amma duk ranar da na kai shi awo sai in tarar nauyinsa yana nan inda yake. Maƙwabtana a unguwar Agege ta Legas suka ce tamowa ce, surukata kuma ta ce nonona ne bai ƙosar da shi ba. Saboda tarin da ya ƙi barinsa, har maganin tarin fuka ya sha na wata 6, ba mu ga sauyi ba.

Akwai abubuwa biyu da nake gani kullum ban ɗauke su da muhimmanci ba. Bahayansa mai maiƙo ne da wari ƙwarai, sai na sa sabulu sau biyu kafin fo ɗinsa ya fita, kuma idan na sumbaci goshinsa ina jin gishiri a leɓena. Wata likitar yara ce ta fara tambayata, “Hajiya, yaya bahayansa yake?” Daga nan aka yi gwajin gumi, aka tabbatar sistik faibirosis ce, cutar gado da yaro ke ɗauka idan ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka.

Sai a lokacin na fahimci inda abincin yake tafiya. Majina mai kauri tana toshe hanyoyin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, don haka maiƙo da bitamin A, D, E da K suna wucewa ta hanji ba tare da jiki ya amfana ba. Ɗan abin da ya samu kuma, tari da yaƙi da ciwon huhu suna cinye shi, ga zafin Legas da ke sa shi zubar da gishiri ta gumi.

Yanzu ba ya sa loma a baki sai da Creon, maganin da ke maye gurbin ruwan narkar da abincin, kuma na koyi cewa ba a tauna shi, ba a zuba shi cikin kunu mai zafi. Da na ji daga alade ake samo shi hankalina ya tashi, amma malaminmu ya ce larura ce. Na ƙara masa man shanu, ƙwai, kunun gyaɗa da gishirin da likita ta ƙayyade. Kuɗin maganin yana da nauyi, sai dai a awon wata na uku na ga allurar sikeli ta matsa, na tsaya ina kallonta har ma'aikaciyar jinya ta ce in ɗauki yarona.