Kafin ka tambayi mai aikin kyauta "yaushe za ka gyara?"

Ƙannena da kuka shigo harkar kod kwanan nan, musamman ku da kuka buɗe GitHub, dandalin da ake ajiye kod, kuna ta zumuɗi, akwai wani hali da nake gani a wajenku wanda ni ma na yi shi son raina, wato ɗaukar mutanen da ke riƙe da buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa zai iya ganin kod ɗinsu ya ɗauka kyauta, kamar wasu yaran shagonmu da muke biya albashi. Abu ya ƙi aiki sai mutum ya ruga ya buɗe ishu, wato rahoton matsala a shafin aikin, layi biyu kacal ba bayanin komai, jibi ya dawo ya ce "har yanzu shiru?", gata ya dawo yana tambaya wai ko aikin ya mutu ne.

Ni abin ya same ni ne lokacin da nake haɗa wa wata makarantar kuɗi manhajar fitar da rasit da sakamakon jarabawa. Na ɗauko wani ɗan laburare na fitar da PDF, wato kod ɗin da wani ya riga ya rubuta kake ɗora naka a kai, kyauta ne, mutum ɗaya ke kula da shi. Komai lafiya lau har aka zo kan sunayen yara, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya fito sai ka ga ɗan akwati a gurbinsa, mai makaranta ya kira ni yana ta faɗa wai iyaye sun dawo da takardu, ni kuma maimakon in zauna in bincika sai na juye faɗan kan bawan Allahn nan mai laburaren. Na rubuta masa cewa laburarensa bai san da zaman harsunan Afirka ba. Da ya yi shiru sai na jefa link ɗin a gurup ɗinmu na WhatsApp na ce kowa ya je ya sa baki, suka kuwa je, wannan ya sa +1 wancan ya sa +1, har wani abokina ya rubuta masa in ba zai iya ba ya miƙa wa wani aikin mana. Muna ta dariya a gurup, a ganinmu mun ƙwato wa Hausa haƙƙinta.

Da mutumin ya dawo bai zage mu ba, cewa ya yi in turo masa fayil ɗin da ya fito. Na tura. Ashe font ɗin, wato salon haruffan da ni da kaina na zaɓa ne ba shi da haruffan kwata-kwata, laburarensa ba ruwansa. Ya ce in gwada Noto Sans ko DejaVu, na canza, akwatuna suka ɓace nan take. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, ya ce shi da dare yake taɓa aikin nan bayan yaransa sun yi barci, da na haɗo fayil ɗin tun farko da tuni an wuce wajen. Na ba shi haƙuri, amma a lokacin na ɗauka rashin kunya ce kawai na yi, sai a 2024 na gane abin ya fi haka.

Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniyan Microsoft mai aiki kan manhajar ajiyar bayanai ta PostgreSQL, Andres Freund, ya sanar da cewa an dasa ɓarauniyar hanyar shiga kwamfutocin mutane a cikin xz, ɗan kayan matse fayil ɗin nan da kusan kowace Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin savobi, ke ɗauke da shi. Yadda ya gano ma abin mamaki ne, ya lura shiga injinsa ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗaukar ƙarin kamar rabin daƙiƙa kuma yana cin ƙarfin injin fiye da ƙima, mu nan da mun ce netwok ne mu wuce, shi kuwa ya bi diddigi. Sigar 5.6.0 da 5.6.1 ne ke da cutar, an ɓoye ta cikin fayilolin gwaji, sannan abin da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da ake saukewa, ba ya cikin kod ɗin da kowa ke dubawa a ma'ajiyar aikin. Ta riga ta shiga wasu nau'o'in Linux, wato Debian na gwaji da Fedora Rawhide da Kali da openSUSE Tumbleweed, Ubuntu ma sai da suka ɗaga fitar da sigar gwaji ta 24.04 da mako guda. Saura ƙiris ta sauka kan savobin duniya.

To amma ni ba dabarar ce ta hana ni sukuni ba, yadda mai dasawar ya samu makulli ne, wato izinin canza kod ɗin xz. Lasse Collin, ɗan ƙasar Finlan, shi kaɗai ya yi shekaru yana riƙe da xz ba mai biyansa. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi da haƙuri. A 2022 sai ga wasu sunaye, Jigar Kumar da Dennis Ens, sun taso Lasse a gaba da saƙonni, an yi wata da watanni ba a karɓi gyara ba, ba za a ci gaba ba sai an samu sabon mai kula, kana shaƙe aikin. Lasse ya amsa musu cewa yana fama da lafiyarsa kuma su tuna aikin sa kai ne ba na albashi ba. Ba su sassauta ba. A hankali Jia Tan ya zama abokin riƙon aiki har ya kai yana fitar da sabuwar siga da hannunsa. Masu bincike da yawa na ganin waɗancan masu matsin lambar sunayen bogi ne, duk tafiyar ɗaya ce.

Na zauna na karanta saƙonnin nan wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don kusan kalma da kalma abin da muka rubuta wa mai laburaren PDF ne. Mu ba mu da wata muguwar niyya, haushin mai makaranta ne kawai, amma shi da ke can gefe ta yaya zai bambance mu da su? Kuma inda abin ya fi ciwo, dabarar tasu ta ci ne saboda irinmu sun yi yawa, mai kula da aiki ya saba da tsawa daga baƙi har ba ta ba shi mamaki. Makonni kaɗan bayan tonuwar asirin xz ƙungiyoyin OpenSSF da OpenJS masu kula da buɗaɗɗun manhajoji suka fitar da gargaɗi cewa an gwada irin wannan salon a wasu ayyukan JavaScript.

An sha muhawara bayan nan kam. Wasu suka ce laifin systemd ne, manhajar da ke tayar da ayyuka a Linux, tunda ta laburarensa cutar ta isa sshd mai karɓar masu shiga ta ssh, wasu suka ce ga shi nan buɗaɗɗen kod ba shi da tsaro, wasu suka ce ai don a buɗe yake ne ma aka kama. Ni na fi karkata ga na ƙarshen, sai dai ban yarda a yi ta tafi ba, sa'a ce ta yi rabin aikin. Kuma ba yau aka fara ba, lokacin da aka samu ɓarakar tsaro ta Heartbleed a 2014 aka gano OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai da rabin intanet ke jingine da shi, gudummawar da yake samu a shekara ba ta wuce dala 2,000 ba. Lokacin da aka samu ɓaraka a wani laburare mai suna Log4j kuma wani katafaren kamfani ya aika wa Daniel Stenberg mai curl, kayan aika da sauke bayanai ta intanet, takarda wai ya amsa musu tambayoyi cikin awa 24, alhali ko kwantiragi ba su da shi da shi, curl ɗin ma ba ya amfani da Log4j. Rijiyar sadaka ce wani ya haƙa, ka zo ka sha ka cika jarka sannan ka tsaya kana masa faɗa guga ya yoye.

Don haka in abu ya lalace maka, fara zargin kanka tukuna. Buɗe fayil ɗin lasisin ka karanta sakin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ko lasisin MIT ne ko na GPL duk sun faɗa maka ba garanti. Duba tsofaffin ishu ko wani ya riga ka. In za ka rubuta, faɗi sigar da kake amfani da ita da irin injinka, ka haɗa ɗan guntun kod mafi ƙanƙanta da ke nuna matsalar da ainihin saƙon kuskuren, ba hoton sikirin da ka ɗauka da waya a karkace ba. Kar ka gayyato gurup. Kar kuma ka sa AI ya ƙirƙiro maka rahoton da kai kanka ba ka gwada ba, masu curl sun daɗe suna kuka da wannan. In kwastoma na biyanka a kan aikin da ya hau kan laburaren wani, ware ɗan wani abu ka tura masa in yana karɓa, in katinka ya ƙi wucewa kamar yadda ya saba yi mana, to gyara masa takardun bayani ko ka amsa wa sababbin shiga tambayoyinsu.

In kuma wata rana kai ne ka zama mai riƙe da aiki, baƙi suka taso ka a gaba lokaci guda wai ka ba wane makulli, ka ce musu za ka duba in ka samu sarari, ka rufe kwamfutarka.