Wata huɗu bayan gudan jini ya toshe mini huhu

Ranar da aka sallame ni daga asibiti, bayan kwana tara a kwance, gidanmu ya cika da 'yan dubiya, kowa yana yi mini barka da warkewa. Ni kuwa daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango na tsaya ina haki, kamar wanda ya hau dutsen Dala da gudu.

Asalin abin karaya ce na samu a idon sawu, aka sa mini filasta, sannan na yi gangancin hawa motar dare daga Legas zuwa Kano, ƙafar a lanƙwashe tun daga tasha har muka iso. Da sha-raɓata ta kumbura ta yi zafi, sai na ɗauka ciwon karayar ne. Bayan kwanaki, ina alwalar asuba, numfashina ya sarƙe, kuma duk lokacin da na ja iska sai in ji kamar an soka mini wuƙa a haƙarƙari. Hoton CT ya nuna cewa jini ya daskare a wata jijiya da ke can cikin ƙafar, wani gutsure ya ɓalle ya bi jini ta ɓangaren dama na zuciya, ya je ya maƙale a jijiyar da ke kai jini huhu.

An fara ba ni maganin tsinka jini da allurar heparin a fatar ciki, daga baya aka mayar da ni kan ƙwayar warfarin, domin sababbin magunguna irin su rivaroxaban, waɗanda ba sa buƙatar yawan gwaji, sun fi ƙarfin aljihuna. Abin da ban fahimta ba sai daga baya shi ne, maganin tsinka jini ba ya narkar da gudan da ya riga ya samu. Aikinsa shi ne ya hana shi girma ya kuma hana wani sabo fitowa, jiki ne da kansa yake narkar da tsohon a hankali, cikin makonni ko watanni.

Takardar sallamata layi ɗaya ta ƙunsa game da gaba: a dawo bayan mako biyu. Ba ta faɗi wurin wa zan dawo ba. Likitan ƙashi ya ce ba huruminsa ba ne, sashen zuciya suka ce sai da takardar turawa, sai a zuwa na uku wata ma'aikaciyar jinya ta ji tausayina ta raka ni sashen cututtukan jini. Har yau ina ganin wannan sakaci ne, tunda mai shan warfarin yana buƙatar gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai, kuma dole awon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya yi ƙasa jini zai iya sake daskarewa, idan ya yi sama zubar jini ce ke jiransa.

Nawa ya fito 1.4. Likitar ta tambayi abin da nake ci, sai na tuna cewa tun dawowata mahaifiyata ba ta fasa kawo mini kwaɗon zogale da miyar alayyahu safe da yamma ba, tana cewa, "Ci ka mai da jininka, ɗan nan." Ashe koren ganye yana ɗauke da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Likitar ta ce, "Malam, ban ce ka daina ba, amma ka riƙa cin adadi ɗaya kullum, kada yau tuli gobe babu." Shawo kan Hajiya ya fi shan maganin wuya.

Baffana ma ya zo da wanzami a yi mini ƙaho a zuƙe "mataccen jinin". Na ba shi haƙuri cikin ladabi, na nuna masa yadda ɗan yankan aski ya daɗe yana tsiyaya a haɓata. Haka na daina karɓar diclofenac da ibuprofen a kemis, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini, na koma farasitamol, jiƙo kuwa ko kurɓa ba na yi.

Wata uku shi ne mafi ƙarancin lokacin shan maganin, kuma ga wanda sanadin ciwonsa ya wuce, irin karaya ko tiyata, sau da yawa a nan ake tsayawa. Amma da wa'adin ya cika ina haki a hawa bene ɗaya, sai aka tura ni hoton zuciya, domin a wasu 'yan tsirarun mutane gudan ba ya narkewa duka, yakan zama tabo a jijiyoyin huhu ya sa ɓangaren dama na zuciya aiki fiye da kima. Alhamdu lillahi, nawa hoton ya fito lafiya. An ƙara mini wata uku a kan maganin, aka ce in riƙa takawa kullum.

Yanzu ina zuwa masallacin unguwa ba tare da na tsaya a hanya ba, ko da yake har yanzu ɗan suka a ƙirji kan hana ni barci don fargaba. A bayan katin INR ɗina na rubuta tambayar da zan kai wa likita a zuwa na gaba: ko zan iya tafiya Umara bana, kuma me zan yi da ƙafata a cikin jirgi.