Fentin ruwan ɗorawa da ciyawar dattijo

Asabar, da dare.

Yau ranar aikin sabunta iyaka ce, kuma wannan karon Auta bai yi nawa ba, tun kafin gari ya waye yana bakin mota da gwangwanin fenti. Sanyi akwai shi, amma irin mai daɗin tafiya. Ganye ya gama zuba, daji ya buɗe, kana hango alama daga nesa. Shi ya sa Nuwamba ta fi mana kowane wata, ga kaska ta yi sauƙi, sai dai dole mu sa rigunan nan masu ruwan lemo saboda mafarauta.

Auta har yanzu yana mamakin yadda muke cewa muna yi wa hanyar Appalachian, doguwar hanyar masu tafiyar ƙafa ta Amurka, aiki alhali ba ma taka ta. Masu bin farin fenti daga Jojiya zuwa Maine, sama da kilomita 3,500, suna can a kan hanya mai kyau suna ɗaukar hoto. Mu kuwa muna gefe cikin ƙaya, muna bin fentin ruwan ɗorawa da ya raba ƙasar Hukumar Gandun Daji da ta maƙwabta. Babu turba, sai kamfas da taswirar safiyo da almakashin rassa. Ka auna kusurwa, ka ƙirga taku, ka tone ganye har ka ga kan turken alminiyam da lambarsa. Turke ɗaya ya wahalar da mu, itace ya faɗo masa. Bishiyoyin shaida da aka shafa wa fenti suna fuskantarsa su suka nuna mana wurin. Auta ya yi ihu kamar ya tsinci zinariya.

Mun ga tsohuwar taya guda biyu. Sawun babur mai ƙafa huɗu, amma ya daɗe. Abinci a kan dutse muka ci.

Bayan azahar ne layin ya fito da mu bayan wani gida. Ciyawa an yanke ta lumui, ta ƙetare turken ta shiga ƙasar hukuma da kamar taku ashirin, har da tarin itacen girki da ɗan benci. Ina cikin ɗaukar hoto sai ga mai gidan ya fito, dattijo ne mai sanda, yana tafe a hankali.

Na gaishe shi, na nuna masa katina, na ce ’yan sa-kai ne mu, iyaka muke sabuntawa. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi burushin da ke hannun Auta ya ce, “Yaro, wannan bishiyar da za ka shafa, mahaifina ne ya shuka ta.”

Na ce, “Baba, a taswira tana kan layi ne.”

Ya ce ya sani, yana nan aka ja layin. Wai har rafin can gonarsu ce. Mutanen gwamnati suka yi ta zarya da takardu, mahaifinsa ya ƙi, daga baya ya ga in bai sayar ba kotu za a je, sai ya sa hannu. An biya su, bai ce ba a biya ba. Sannan ya ce shi dai ciyawa yake yankewa, bai gina komai ba, wa ya cuta?

Ina da amsa, na ma haddace ta. A 1968 aka yi dokar hanyoyin tafiyar ƙafa ta ƙasa, a 1978 majalisa ta amince da dala miliyan 90 don sayen filaye, domin kafin nan a wurare da yawa hanyar tana ratsa ƙasar mutane ne da izinin baki, duk wanda ya ga dama ya rufe, sai a karkatar da matafiya kan kwalta. Zirin da aka saya ɗin siriri ne, a wurare da yawa faɗinsa bai wuce ƙafa 1,000 ba. In kowane gida ya ci taku ashirin, mai benci bana shi ne mai rumfa baɗi, wanda ya sayi gidan bayansa kuma ya ɗauka nasa ne. Duk gaskiya ne, kuma na yarda da shi, in ba haka ba me zai kawo ni cikin ƙaya ran hutu. Amma ban faɗa masa ko ɗaya ba. An koya mana kada mu yi jayayya da maƙwabci, mu duba, mu rubuta, mu miƙa wa shugabar yanki. Yau na ji daɗin wannan ƙa’ida fiye da kima, har jin daɗin ya dame ni.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya koma ciki ya fito mana da ruwa. Ya tsaya yana kallo Auta ya goge tsohon fentin ya shafa sabo, har ya nuna masa wata bishiyar da muka tsallake. Ya fi mu sanin layin nan.

A mota Auta ya ce, “Yaya, dole sai mun rubuta?”

Na ce dole. Ya ce to a bar bencin mana, a sa ciyawar kawai. Na ce masa idan na fara zaɓar wanda zan rubuta bisa wanda ya ba ni ruwa, gara in ajiye burushin. Ya yi shiru har muka wuce garin Harpers Ferry. Ban san ko ya yarda ba ne ko fushi yake.

Na tura rahoton ɗazu, da ciyawa da itace da benci, da lambar turke da hotuna. A ƙasa na ƙara cewa mutumin dattijo ne, ya karɓe mu da mutunci, ina roƙon a fara da zuwa a yi masa magana kafin wasiƙa. Ba ni da ikon da ya wuce wannan, kuma babu gurbinsa a fom ɗin, a wurin ƙarin bayani na cusa shi.

Uwargida ta ce wandon nan ba zai shiga injin wankinta ba, fenti har aljihu. Gobe in an tashi sai in gwada da kananzir.