Ƙaron dushe da sa hannuna

Makon jiya na bar aiki, na miƙa katin shiga masana'antar haɗa magunguna a Ikeja, na hau motar Agege. Tun ranar abokai ke tambayata abin da ya faru, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni ɗan Gashuwa ne. Tun ina yaro nake bin yayyena tsagar dakwara idan damina ta ɗauke, bayan wasu makonni mu koma tsintar ƙaro. To da dala ta tashi a 2023, PVP ɗin da muke ɗaure garin farasitamol da shi ya yi tsadar tashin hankali, sai na ce me zai hana mu gwada ƙaro, tunda ya daɗe a littattafan haɗa magunguna, kuma a ƙasarmu yake fitowa. Na sa aka aiko mini ƙaron dakwara mai lamba ɗaya daga gida, tas da shi kamar gilashi. Gwaji ya yi kyau. Ƙwayar ta watse a ruwa kafin minti 15 da ƙa'ida ta gindaya, abin da ta zubar a injin gwajin marmashewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A taron manya oga ya gabatar da aikin a matsayin nasa. Na haɗiye.

Da aka zo babban haɗi, sai ga buhuna daga wani dillali mai araha. Ina zuba hannu na gane. Jaja-jaja ne, yana farfashewa, ga ɓawon itace da yashi. An cakuɗa da ƙaron dushe, wanda danƙonsa bai kai na dakwara ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba shi muka gwada ba." Ya ce ƙaro ai ƙaro ne, kasuwa ba za ta jira ni ba. Nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai: na sa hannu.

Damina ce, kun san laimar Legas. Aka jiƙa ƙaron da yamma, janareto ya tsaya, ruwan ya kwana. Da safe har ya fara tsami ya tsinke, aka yi aiki da shi a haka. Ƙwayoyin da suka fito, da yatsa kake murje su, ƙwayoyin cuta kuma sun haura iyaka. Alhamdu lillahi ba su kai hannun kowa ba, ɗakin gwajinmu ya tare su tun kafin maganar NAFDAC ta taso. Amma da aka buɗe fayil, sunana kaɗai ke ciki. Maganar da muka yi a baki, iska ta tafi da ita.

Ƙannena masu shigowa, ku rubuta ƙin amincewarku a takarda ko da oga zai ɗaure fuska. Ƙaro bishiya ce ta haife shi, kowane buhu da halinsa, a gwada kowanne. Ruwansa kada ya kwana. A kuma ɗumama shi, don zafi ya kashe wani sinadarin da ke cikinsa mai lalata wasu magunguna.

Na so in gwada ƙaron maɗaci da yauƙin kuɓewa, ban samu dama ba. Wani yaro da na koya wa aiki ya kira ni shekaranjiya, wai yanzu mai lamba ɗaya kawai suke saye, kuma da awon da na rubuta suke haɗawa. Na tambaye shi sunan wa ke kan takardar, sai ya yi dariya ya ce kati ya ƙare.