Daga Nima zuwa Aboabo: Abin da Na Gani a Filin Ƙwallon 'Yan Matan Zango

Aikin da ya fitar da ni daga unguwar Nima shi ne haɗa shirin rediyo a kan kiɗan matasan Kumasi da suke kira Asakaa, wanda ya yi tashe a 2020 har ya cika motocin haya da shagunan aski a Ankara, babban birnin Ghana. Na shiga mota a Circle da asuba, muka bi ta Nsawam da Suhum, muka ɗan tsaya a Nkawkaw a gindin duwatsun Kwahu inda masu tallan burodi suka yi wa motar caa, sannan muka ratsa Konongo da Ejisu, muka shiga Kumasi ana kiran azahar. Tafiya ce ta kusan kilomita 250, amma manyan motoci da cunkoso kan sa ta cinye rabin yini.

A gidan gwaggona na sauka a Aboabo. Duk wanda ya kwana a zangon Kumasi zai gane cewa wuri ne da baƙi suka gina: jikokin fataken goro da suka gangaro daga Salaga, da Dagombawa da Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli da Yarbawa, kowa da harshen gidansu, Hausa ce ke haɗa su a masallaci da kasuwa, ga kuma Tonawa, wato Ashantawa, masu ƙasa da ake cuɗanya da su kullum. A nan na tarar da jikar gwaggo, yarinya da ta gama sakandare, tana wanke takalman ƙwallo na gwanjo da ta sayo a kasuwar Kejetia. "Anti," in ji ta, "ku 'yan jarida kuna bin mawaƙa, mu kuwa ba mai zuwa ya gan mu." Washegari na bi ta.

Filin jan ƙasa ne a bayan wata makaranta, sandunan gola ba raga, an ja layi da toka. Wasu 'yan matan sun ɗaure ɗan ƙaramin hijabi sun sa dogon wando a ƙarƙashin gajeren, wasu Kiristoci ne daga Ashtown da Bantama, kuma ba wadda ta damu da shigar wata. Mai tsaron gidansu ta faɗa kan tsakuwa ta ƙuje gwiwar hannu, ta fasa ruwan leda da haƙori ta wanke ciwon, ta koma tsakanin sanduna tun kafin koci ya ƙaraso wurinta. Da aka tashi suka yi da'ira suna waƙoƙin jama, wato waƙoƙin zuga na magoya bayan ƙwallo, ɗaya na bayarwa da Twi, harshen Tonawa, saura na amshi, wata ta jefa baiti da Hausa a yi shewa, ga jarka da aka mayar ganga. Na kunna na'urar ɗaukar murya, domin kiɗan da na zo nema bai fi wannan rai ba.

Waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba. Black Queens, ƙungiyar matan Ghana, sun je gasar cin kofin duniya a Amurka a 1999 kafin maza su taɓa zuwa tasu, domin Black Stars sai a 2006 suka fara. Alberta Sackey ta zama gwarzuwar 'yar wasan Afirka a 2002, Adjoa Bayor ta biyo ta a 2003. 'Yan ƙasa da shekara 17 sun zo na uku a duniya a 2012, kuma a 2018 Mukarama Abdulai 'yar Tamale ta fi kowa zura ƙwallo a irin wannan gasa a Uruguwai da ƙwallo 7. Sunanta ne 'yan matan zango suka fi ambata, saboda Musulma ce daga Arewa kamar iyayen da yawa daga cikinsu. 'Yan kulob ɗin Hasaacas Ladies sun kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka na mata na farko a Alƙahira a 2021, sannan a Yulin 2025 Black Queens suka ɗauki tagulla a gasar kofin Afirka ta mata a Maroko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar da muka yi a inuwa bayan atisaye. Kocin ya ce rashin kuɗi da rashin fili duk da sauƙi a kan bakin mutane. Yarinya ta rage gashinta don zafi, ko tafiyarta ta yi ƙarfi saboda atisaye, sai a fara ce mata mata-maza, daga nan a jefe ta da maɗigo, maganar ta isa kunnen uba, a ƙwace takalma. Ya ce abin ya ƙaru lokacin da majalisa ta amince da ƙudurin hukunta masu neman jinsi ɗaya a Fabrairun 2024, kuma ko da yake Shugaba Akufo-Addo bai sa masa hannu ba har wa'adinsa ya ƙare, zargin ya riga ya sauko unguwanni. Wata 'yar wasa ta gaya mini an taɓa tare ta a lungu da magariba ana tambayarta ita mace ce ko namiji, tun daga ranar ba ta komawa gida ita kaɗai.

Na san matsayin malamanmu a kan wannan batu, kuma na san a cikin kowace al'umma, har da zango, akwai mutanen da rayuwarsu ta bambanta da ta saura, suna zaune cikin tsoro. Abin da zuciyata ba ta ɗauka ba shi ne a mayar da tsoron nan sandar dukan kowace yarinya mai gudu da ƙwallo, ko a halatta tare mutum a lungu ko wane ne shi. Addinin da muke bi ya tsananta a kan ƙazafi, ya hana bin diddigin asirin mutane. Mu 'yan jarida muna da laifi babba a nan, domin jita-jita a kan sansanin 'yan wasa mata kan sami awa guda a rediyo, sakamakon wasansu kuwa a karanta shi a gurguje ko a tsallake shi.

Gwaggo, wadda na zata za ta fi kowa adawa, ita ce ke ba yarinyar kuɗin mota daga cinikin kokonta. "'Yar nan," ta ce mini, "na san inda take tun asuba har hantsi, kuma da hijabinta take fita. Masu magana ba su taɓa saya mata ko sabulu ba."

Na yi hirata da mawaƙan Asakaa kamar yadda aka aiko ni, na kuma leƙa filin wasa na Baba Yara kafin in kama hanyar Ankara. Da na koma ofis na roƙi editanmu ya raba shirin biyu, ya amince. Kocin abu ɗaya ya nema, wato a riƙa faɗin rana da lokacin wasanninsu da Hausa don iyaye mata su ji su zo kallo, kuma yanzu muna karanta jadawalin gasar mata kowace Juma'a bayan labaran wasanni.